Ciyar da dokin gida lokacin ɗari: ba sai an taɓa rumbu ba

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na gundumomin Magarya da Dungas, kaka ta wuce, ɗari ya shigo. Ɗanyar ciyawa ta ƙare a daji. Daga yanzu har faɗuwar damana, abin da mai doki ya ajiye shi ne dokinsa zai ci. Wata shida ne ko bakwai.

Masu doki da yawa suna wahalar da kansu. Da safe hatsi, da rana dusa, da dare dawa. Kafin bazara rumbu ya yi ƙasa, iyali su shiga awo a kasuwa. Alhali dokinmu na gida, gajere mai jimiri, ba ya bukatar wannan duka. Da abinci kaɗan yake riƙe jikinsa.

Yadda cikin doki yake

Doki ba saniya ba ne. Ba ya tuƙa, kuma ba ya iya amai. Tumbinsa ƙarami ne. Allah ya yi shi don ya riƙa cin ciyawa kaɗan-kaɗan, dare da rana. In aka cika masa ƙwarya da hatsi ya cinye gaba ɗaya, hatsin yana iya ruɓa a hanjinsa. Daga nan sai ciwon ciki, ya yi ta birgima yana gumi. Wani kuma ƙofatansa su yi zafi, ya kasa takawa. Duka biyu suna iya raba mutum da dokinsa.

Abu uku sun isa

Dokin da yake ɗaure a turke, ba ya aiki mai nauyi, abu uku yake so.

1. Busasshiyar ciyawa da harawa. Ga lissafin: kowane kilo 100 na nauyin doki, kilo 2 na busasshen abinci a yini. Doki mai kilo 300 zai ci kilo 6. A kai dami ɗaya a aza a sikeli, a san nauyinsa. Daga nan ido ya isa. A haɗa kashi biyu na ciyawa, kamar harƙiya ko kyasuwa, da kashi ɗaya na harawar wake, ko ta gujiya, ko gadagi. Harawa zalla tana sa shi ƙiba fiye da kima, kuma tana saurin ƙarewa.

2. Ruwa mai tsabta. Doki yana shan lita 20 zuwa 30 a yini, lokacin zafi ya fi haka. Da sanyin asuba ba ya son sha. A kai shi rijiya da hantsi, a sake kai shi da la'asar. Busasshen abinci ba ruwa, shi ne ke toshe hanji.

3. Gishiri ko kanwa kaɗan. Cokali biyu na gishiri a yini sun isa. Yana sa shi shan ruwa sosai.

A raba abincin kashi uku: safe, la'asar da dare. Kashin dare ya fi yawa, don dare yana da tsawo, kuma cin ciyawa yana ɗuma jikinsa.

To, yaushe za a ba shi hatsi?

Sai in yana aiki. Dokin da ke jan amalanke, ko wanda ake doguwar tafiya da shi, kamar zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko wanda ake shirya wa sukuwa. Shi ma rabin tiya ta isa, a raba ta biyu, kuma sai bayan ya ci ciyawa. Goɗiya mai tsohon ciki, da mai shayarwa, da duƙushi, su ma a ƙara musu harawa da ɗan hatsi. Dusa kuwa a jiƙa ta, kuma kada ta yi yawa. Yawan dusa ba harawa yana raunana ƙashi.

Abubuwan da za a kiyaye

Ƙasarmu rairayi ce. Kada a zuba wa doki abinci a ƙasa. Yana haɗiye rairayi, ya taru a cikinsa. A sa masa a komi, ko a tsohuwar tabarma.

Kada a ba shi harawar da ta yi fumfuna. A ajiye ta bisa rumfa ko bisa icce, nesa da gara da awaki.

Kada a bar shi ya ci gyauron dawa. Ɗanyen tohon nan yana da dafi.

In za a sake masa abinci, a yi sannu-sannu, cikin kwana 7 zuwa 10.

Yadda za ka gane ko abincin ya isa

Kowace Juma'a ka shafa haƙarƙarinsa da tafin hannu. In kana jin ƙasusuwan amma ba ka ganinsu, daidai ne. In ba ka jinsu, ya yi ƙiba, rage harawa. In kana ƙirga su daga nesa, ƙara masa. In yana ci amma yana ramewa, kai shi wajen likitan dabbobi ya duba haƙoransa, ya ba shi maganin tsutsar ciki.

Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobi suka yi ta faɗuwa don rashin ciyawa. Tun ran gini ran zane. Yau harawa tana da arha, a bazara sai mai kuɗi. Doki ɗaya, kilo 6 a yini, wata bakwai: kilo 1260 ke nan. Ku yi wannan lissafi a allo cikin ajinku na yaƙi da jahilci, kowa ya je ya ƙirga damunansa. Ciyawa ta doki, hatsi na iyali.