Rabin Sa'a a Kan Dandamali: Kiɗan Pop-Punk da Emo a Zafin Amurka

Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da manomanmu ke tsakiyar aikin damina, makarantun Amurka na hutu, zafi kuma ya kai intaha. A irin wannan lokaci ne, tun daga 1995 har zuwa 2018, wani ayarin motocin bas da tireloli yake ratsa ƙasar gari-gari. Su sauka da asuba a wani makeken filin ajiye motoci, a kakkafa dandamali da tantuna, a wuni ana kiɗa, da dare a tattara komai a kama hanya. Sunan wannan biki Warped Tour. Kevin Lyman ne ya kafa shi, kamfanin takalma na Vans kuma ya ɗauki nauyinsa tun 1996. Duk wanda yake son ya fahimci abin da kiɗan pop-punk da emo suka zame wa matasan ƙasar, a wannan fili ya kamata ya tsaya, domin faifai ba ya nuna rabin abin.

Pop-punk kiɗa ne mai gudu: ganga kamar ana korar mai buga ta, jita mai ƙara, waƙa ba ta cika wuce minti uku ba, ga amshi mai saurin kama baki. Green Day ce ta shigar da shi gidajen jama'a da kundinta Dookie a 1994, Blink-182 ta biyo da Enema of the State a 1999. Shi kuwa emo, asalinsa birnin Washinton ne a tsakiyar shekarun 1980, inda ƙungiyoyi irin su Rites of Spring suka ɗauki fushin da mawaƙan punk ke huce wa hukuma, suka juyo da shi kan abin da ke cin ran mutum: kaɗaici, rabuwa, mutuwar na kusa. Bayan shekara ta 2000 sai salon biyu suka gauraya a hannun My Chemical Romance daga New Jersey, da Fall Out Boy daga gefen Chicago, da Paramore daga Tennessee. Dukkan ukun nan sun sha ranar Warped Tour kafin su fara cika manyan filayen wasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin ranar. Ba wanda ya san lokacin da kowace ƙungiya za ta hau dandamali sai da safe, hatta mawaƙan. Ana buɗe ƙofa sai ka ga yara sun ruga wajen wani ƙaton allo da ake hura wa iska, suna kwafe jadawali a takarda, wani ma a bayan hannunsa. Kowace ƙungiya rabin sa'a take samu, babba ko ƙarama. Wadda ta sayar da miliyoyin faifai tana iya faɗowa da tsakar rana, wadda ba a san ta ba ta samu sanyin la'asar. Hikimar a fili take: tunda ba ka san yaushe gwaninka zai fito ba, dole ka zo da wuri, kana jira kuma kunnenka ya kamo wasu. Su kuma ƙananan mawaƙan, da sun sauko sai su koma tantinsu suna sayar da riguna da faifai da hannunsu, gumi na zuba. Har tanti mai sanyi aka ware wa iyayen da suka rako 'ya'yansu.

A gaban dandamali kuwa, kwalta ta ɗau zafi har tana ratsa tafin takalmi, ma'aikata na fesa wa jama'a ruwa da tiyo. Tsakiyar taron kan buɗe ya zama da'ira, samari da 'yan mata suna zagayawa a guje suna bangazar juna. Wanda bai saba ba zai ɗauka faɗa ne ya kaure, amma akwai doka guda da kowa ke kiyayewa, mawaƙan ma suna tunatarwa ta makirfo: wanda ya faɗi, a ɗaga shi. Da ka ga an yi ƙasa, kafin ƙiftawar ido hannu huɗu sun miƙo. Sai kuma lokacin da mawaƙin zai janye bakinsa ya miƙa wa taron makirfo, dubban mutane su zama 'yan amshinsa, kamar yadda muka sani a fagen makaɗanmu. Baitin da yaro ya saba ji shi kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe, yana zaton shi kaɗai ke cikin wannan hali, ga shi yau yana fita daga bakin na damansa da na hagunsa.

Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa emo na koya wa yara baƙin ciki ba. A 2008 jaridar Daily Mail ta Ingila ta zargi My Chemical Romance da tura matasa ga halaka kansu, magoya bayanta suka fito zanga-zanga a Landan a watan Mayu. A watan Maris na shekarar, an far wa matasa masu shigar emo da duka a Querétaro ta Meziko. Alhali Gerard Way ya kafa My Chemical Romance ne bayan ya ga rushewar tagwayen benayen New York da idonsa a 2001. Baƙin cikin ya riga waƙar zuwa. A filin Warped Tour ɗin nan, ƙungiyar To Write Love on Her Arms, mai taimakon masu fama da ciwon damuwa, takan kafa tantinta kusa da masu sayar da riguna.

Ba a ce wurin ba shi da aibu ba. Mata sun cika taron, amma a kan dandamali ƙalilan ne, shi ya sa Hayley Williams ta Paramore ta zama abin nuni. An kuma sha kuka kan mawaƙan da aka zarga da cin zarafin 'yan mata masoyansu.

Yaran jiya sun girma, sun samu albashi, 'yan kasuwa kuma sun lura. Tikitin When We Were Young, wani bikin irin wannan kiɗa a Las Vegas, a 2022 ya haura dala 200. Warped Tour ya dawo a 2025, amma a birane uku kacal: Washinton, Long Beach da Orlando. Kiɗan na nan, amshin na nan. Sai dai ɗan shekara 15 da ke wani ƙaramin gari a Ohio, wanda a da ayarin ke zuwa kusa da gidansu a kuɗin da zai iya tarawa daga aikin hutu, yanzu sai ya nemi kuɗin jirgi da na masauki, kuma shi ne ya fi kowa buƙatar wannan fili.