Niva da UAZ: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri a Labarin Motocin Dajin Rasha?

Duk inda hirar direbobi da makanikai ta gangaro kan motocin Rasha, maganganu iri ɗaya ake ji. Wani ya ce ba sa lalacewa. Wani ya ce ko kananzir ka ɗura musu za su tashi. Wani ya taɓe baki ya ce ai Fiat ce aka sauya wa riga, ko kuma motocin ƙanƙara ne, in suka shigo zafinmu yini ɗaya sai su tafasa. Motoci biyu ake nufi galibi: Lada Niva, wadda kamfanin AvtoVAZ ya fara ƙerawa a birnin Tolyatti a 1977, da motocin UAZ na birnin Ulyanovsk, wato UAZ-469 ta soja da ta fito a 1972, da yayarta UAZ-452 mai siffar ƙaramar bas, wadda ake yi tun 1965.

Babbar ƙaryar ita ce ta farko, kuma ita ce ke jefa mai saye cikin nadama. Motocin nan suna lalacewa, har ma sun fi takwarorinsu na Japan yawan ƙananan matsaloli: yoyon mai daga ƙarƙashi, wayar wuta da ta saki, ƙofar da ba ta rufuwa sai da ƙarfi, ƙusoshin da girgiza ke kwancewa, ga tsatsa da ke cin bodi in aka yi sakaci. Abin da ya ɗaukaka sunansu daban ne. An ƙera su ne don ƙasar da mutum kan yi ɗaruruwan kilomita bai ga gareji ba, saboda haka aka sauƙaƙa komai yadda direba zai kwance ya ɗaura da kansa a bakin hanya. Ba safai matsalarsu kan kwantar da su gaba ɗaya ba. Da ɗan dabara sai su lallaɓa su kai gida. Amma sauƙin gyara ba ɗaya yake da rashin lalacewa ba, kuma wanda ya haɗa biyun ya yaudari kansa. Tsohuwar UAZ tana da wurare barkatai da ke neman giris a kai a kai, tsohuwar Niva kuma tana son a riƙa duba sarƙar injinta ana saita bawul. Mai mota irin wanda bai san hanyar gareji ba sai ranar da ta tsaya, wannan ba motarsa ba ce.

Maganar kananzir kuwa tana da tushe, sai dai an yi mata ƙari. Injin UAZ na da, mai lita 2.45 da ƙarfin doki kimanin 75, an tsara shi ne ya sha fetur mai ƙarancin inganci, irin mai lamba 72 ko 76 da ake sayarwa a Tarayyar Sobiyet. Shi ya sa man da zai sa wata mota tari, shi bai dame shi ba. Amma injin fetur ne, ba na kananzir ko gas ba. Na yanzu ma sun bar kabureta: Niva tana da inji mai lita 1.7 da ƙarfin doki 83, UAZ tana da mai lita 2.7, dukansu kwamfuta ce ke auna musu mai, kuma gurɓataccen fetur yana yi musu illa kamar kowace mota. Wannan ya rushe rabin zancen cewa ana gyara su da "guduma da filaya": tsofaffin ne suka cancanci wannan kirari. Kada kuma a ce ƙanƙantar Niva na nufin tsimin mai. Takan sha lita 10 zuwa 12 a kilomita 100, tankinta kuma lita 42 ne kacal. UAZ ta fi ta ƙishi.

Batun Fiat ba sai an daɗe a kansa ba. Gaskiya ne da haɗin gwiwar Fiat ta Italiya aka kafa masana'antar Tolyatti bayan yarjejeniyar 1966, kuma Lada ta farko ta 1970 daga Fiat 124 aka samo ta. Niva ta ari inji da wasu kaya daga waɗannan Ladoji, amma bodinta da tsarin tayoyinta huɗu aikin injiniyoyin kamfanin ne, ƙarƙashin Pyotr Prusov. Babu wata Fiat mai kama da ita. UAZ kam ba daga Fiat aka samo ta ba ko kaɗan.

Zancen cewa ba sa jure zafi, hamadar Nijar ta riga ta ba da amsa. A tseren Paris-Dakar na 1983, shekarar da aka ratsa Tenere zuwa Agadas har guguwar rairayi ta ɓatar da matuƙa da dama, André Trossat ya zo na biyu da Lada Niva, bayan Jacky Ickx mai tuƙa Mercedes. A 1982 ma Niva ce ta biyu. Sai dai a faɗi gaskiya, motocin tseren an yi musu aiki sosai, an ƙara musu ƙarfin inji, ba irin wadda za ka ɗauko daga kantin dillali ba ce. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce ta yau da kullum: UAZ-452 ce ke jigilar mutane a hamadar Gobi ta Mongoliya, UAZ-469 ta yi aiki a Afganistan da Biyetnam, Niva kuma ta yi aiki a Kyuba. Abin da ke gaskiya a cikin ƙorafin shi ne, mutumin da ke ciki ya fi motar shan wuya. Tsofaffin ba su da na'urar sanyaya ɗaki, ta ɗumama ce mai ƙarfi, kuma a UAZ-452 injin yana tsakanin kujerar direba da ta mai zaman gaba. A watan Afrilu, sai mai haƙuri. Lagireto kuma dole ya kasance tsaf kafin a shiga yashi mai zurfi.

Akwai wani kuskure da ya fi jita-jita tsada, domin shi kai tsaye yake ɓata mota. Mutane da yawa sun ɗauka ƙaramin sandan da ke kusa da giya a Niva shi ke "kunna" tayoyi huɗu. A'a, Niva kullum da tayoyi huɗu take ja. Ƙananan sandunan ma biyu ne: ɗaya na ƙaramar giyar hawa ne, ɗayan kuma yana kulle tayoyin gaba da na baya su juya tare, don laka ko yashi. Wanda ya bar shi a kulle ya hau kwalta, tayoyinsa za su cinye, kayan ƙarƙashi su wahala. UAZ akasin haka take: da tayoyin baya take tafiya, sai an bar kwalta ake haɗa na gaba, a cire da zarar an dawo. Ko tsayin cikinta daga ƙasa, wanda ake ta yabo, ya rabu biyu: ta soja tana da santimita 30, ta farar hula 22.

Sai maganar da nake ganin ta fi haɗari: wai ƙarfe ne zalla, ko an yi karo ba abin da zai sami na ciki. Taurin ƙarfe ba shi ke ceton rai ba, sai yadda mota ke shanye bugun kafin ya kai ga fasinja. A gwajin karo na ARCAP da aka yi a Rasha a 2002, Niva ba ta sami tauraro ko ɗaya ba cikin huɗu. Tsarin motocin nan na shekarun 1960 da 1970 ne, ga tsayi, ga rashin son kwana da gudu. Gona da daji ne gidansu, ba babban titi ba.

Ana kuma cewa an daina yin su tun rushewar Sobiyet. Ba haka ba ne. Niva na nan ana ƙera ta da sunan Niva Legend, UAZ-469 ta rikiɗe ta zama Hunter a 2003, ƙaramar bas ɗin ma ba a daina ba. Abin da ya sauya shi ne kasuwa. A Mayun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, Renault ta Faransa ta bar hannun jarinta na AvtoVAZ, takunkumi ya sa har aka fitar da wasu motocin ba tare da na'urar hana birki ƙwacewa ba, sayo kayan gyara daga Rasha kuma ya ƙara wuya.

A nan ne hukuncin yake. A ƙauyen Rasha ko Mongoliya, inda kowane gari ke da kayanta da wanda ya san cikinta, Niva ko UAZ mota ce ta talaka mai amfani. A inda kasuwa ta cika da kayan Hilux da Land Cruiser, sauƙin nan nata ba ya tsinana komai in ƙaramin ƙarfe ɗaya zai zaunar da ita wata biyu. Don haka mai karatu, in ka ga ɗaya ana sayarwa ta burge ka, kafin ka tambayi kuɗinta, fara nemo makaniken da ya taɓa buɗe irinta da shagon da ke da kayanta. In babu su, bar ta inda ka gan ta.