Windows 10 ta tafi, amma kada a zubar da tsohuwar kwamfuta

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya janye kulawa daga Windows 10, ake ta raɗe-raɗi a Maraɗi wai tsofaffin kwamfutoci sun zama tarkace. Ba haka ba ne. Suna kunnuwa, suna aiki. Gyaran tsaro da ake aiko musu ta intanet ne ya tsaya. Ita kuwa Windows 11 sai na'ura mai guntun tsaro na TPM 2.0, wanda ƴan gwanjo da yawa ba su da shi.

Abin haushi, da ka ambaci Linux a matsayin madadin Windows sai a ce ai baƙin allo ne na masana, ko kuma kayan kyauta ba ya ƙarko. Masu wannan magana ba su raba gini da jere ba. Linux shi ne ginin ɗaki. Abin da ido ke gani, wato maɓallai, tagogi da jerin manhajoji, shi ne jere, kuma ana sauya shi. In ɗaki ƙarami ne, ba a rushe shi don gadon sarauta ya ƙi shiga, sai a nemo kaya daidai wurin.

Irin wannan jere marar nauyi shi ne Xfce, wanda Bafaranshe Olivier Fourdan ya fara a 1996, da kuma LXQt da ke zuwa cikin tsarin Linux na Lubuntu. Tsarin Emmabuntüs, da aka yi a Faransa musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, da Xfce yake aiki.

Gyaran Xfce ma ba wuya. A sauko da sandar manhajoji ƙasa, a sa jerin manhajoji na Whisker Menu a kusurwar hagu, wanda ya saba da Windows ba zai ɓata ba. A kashe inuwar tagogi da sauran ƙyale-ƙyale, a rage manhajojin da ke tashi da kansu, nan take na'ura za ta sami sauƙi. Malamin lakkwal a Tibiri zai iya barin komai cikin Faransanci, ya ƙara tsarin rubutun Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ. Magatakardan manoman rani a Jiratawa kuwa LibreOffice ya ishe shi lissafin taki da kuɗin ruwa, sai dai takardar Word mai ado da yawa takan ɗan jirkice.

Ofisoshinmu dai sun fi son odar sababbi, tsofaffi na shan ƙura a ma'aji, alhali ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na iya tayar da su.

Mai karatu, kafin ka yanke hukunci, kwashe takardunka ka adana, sannan ka sa mai gyara ya kunna maka Xubuntu, tsarin Linux mai Xfce, daga kile USB. Za ka gwada sauti, firinta da intanet ba tare da an goge komai ba.