Allurar Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro: Bushara da Gargaɗi ga Iyaye

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin yara na asibiti a tsakiyar damina, sa'ad da ruwa ya kwanta a kududdufai da kwatami, ya ga mata biyu-biyu a bakin gado guda, wannan tana yi wa ɗanta fifita yana jijjiga, waccan tana jiran a sami jinin da za a ƙara wa nata, lalle ya san girman musibar zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 cutar ta halaka mutum 597,000, galibinsu yaran Afirka da ba su cika shekara biyar ba, kuma fiye da rubu'in wannan adadi daga Nijeriya yake.

To, bayan shekaru masu yawa da masana suka yi suna bincike, Allah cikin hikimarsa ya nufe su da samun allura iri biyu. Ta farko, mai suna RTS,S, an fara ba da ita a Ghana da Kenya da Malawi a 2019, aka yi wa yara fiye da miliyan biyu, aka kuwa tarar mace-macen ƙananan yara sun ragu da kashi 13 cikin ɗari a wuraren da ta shiga, Hukumar ta amince da ita a 2021. Ta biyu, R21, wadda masanan Jami'ar Oxford ta Ingila suka haɗa, ake sarrafa ta a Indiya, ta sami amincewa a 2023. A 2024 Kamaru ta shigar da allurar zazzaɓin cikin rigakafin yau da kullum, Nijar ta fara daga Gaya, Nijeriya kuma ta fara daga jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba.

Yadda allurar ke aiki kuwa shi ne, idan macen sauro ta ciji yaro, ƙwayar cutar takan bi jini ta sauka a hanta, ta yi kwanaki tana hayayyafa a ɓoye, sa'an nan ta fito ta auka wa jajayen ƙwayoyin jini tana farfasa su, wanda shi ne sababin zafin jiki da ƙarancin jini. Allurar tana koya wa jiki ya shaida wannan ƙwaya, ya tare ta tun ba ta kai ga hanta ba.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma a nan gargaɗinmu yake. Sau huɗu ake yin ta, watau a Nijeriya idan yaro ya cika wata biyar, da shida, da bakwai, sa'an nan ta huɗu a wata goma sha biyar, domin ƙarfinta yakan ragu da tafiyar lokaci. Uwar da ta kai ɗanta sau ɗaya ko biyu ta zauna, kamar manomi ce da ya yi shuka ya ƙi noma. Haka kuma allurar tana rage cutar ne, ba ta kau da ita baki ɗaya, saboda haka wajibi ne yaro ya ci gaba da kwana cikin gidan sauro, a kuma ba shi maganin nan da ma'aikata ke rabawa gida-gida kowane wata da damina. In jikinsa ya yi zafi, a gaggauta kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a tsaya sayen ƙwayoyi barkatai a kyamis, ko a ce iska ce ta buge shi alhali jininsa na ƙarewa.

Masu shakka kuma su tuna da shan inna, wadda jita-jita ta jinkirta kawar da ita, yara da yawa suka gurgunce, har sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayarta. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma 'ya'ya amana ce da za a tambaye mu a kanta. Maigida ya ba da izini da kuɗin mota, uwargida ta adana katin rigakafi, ta tambayi ma'aikacin asibiti ko allurar ta iso yankinsu da ranar da za ta komo. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.