Taya tana da rubutu: a karanta kafin a saya

Motar da ta taso daga Damagaram ta nufi Magarya, kwalta take bi, wato babbar hanya mai lamba 11. Amma da ta ratse zuwa ƙauyukan Malawa ko Dogo-Dogo, cikin gundumar Dungas wadda aka cire daga Magarya a 2011, sai burji da rairayi, da taɓo in damina ta sauka. Don haka mai mota a wannan yanki yana bukatar tayar da za ta jimre wa hanyoyin nan duka.

Taya mai ƙananan zane ta fi riƙe kwalta, amma tana sulɓi cikin taɓo. Mai manyan haƙora kuwa ta fi a daji, sai dai a kan kwalta tana da ƙara da shan mai. Tsaka-tsaki ita ta dace.

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ba a cutarsa wajen sayayya, gama kowace taya tana ɗauke da bayaninta a gefe. In an ga 195/65 R15 91T, to faɗinta milimita 195 ne, 15 kuma girman ƙarfen da take hawa. Lamba 91 na nufin iyakar kayan da za ta ɗauka kilo 615, harafin T kuwa iyakar gudu kilomita 190 a awa. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT su ne haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Kamfanin Michelin ya ba da shawara a sauke duk tayar da ta kai shekara 10, ko da zanenta bai cinye ba.

A kula da tayoyin gwanjo. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara, don sanyin Turai aka yi ta; robarta taushi gare ta, zafin bazara kan cinye ta da wuri.

Cikin rairayi direba kan rage iska don kada mota ta kafe. Wajibi ne ya tsaya wurin mai faci ya mai da iskar kafin ya hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka har ta fashe, ga mutane cike da mota ranar kasuwa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin taya kuwa bai kai ran fasinja ba.