Gayya da Gonar Tarihi: Matsayin Aikin Sa-kai Wajen Adana Ilmin Noman Gargajiya a Ƙasar Kazaure

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana wani irin gidan tarihi wanda ba a saba da shi ba a ƙasar Hausa, watau gonar tarihi, sa'an nan mu auna shi da al'adar gayya, domin mu ga ko ɗayan zai iya ɗaukar ɗayan. Mun zaɓi yankin Achilafiya, cikin Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi ta masarautar Kazaure, tare da maƙwabtansa na Roni da Gwiwa da Babura, saboda ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, mai gajeriyar damina, inda har yau akwai dattawan da suka yi noma kafin zuwan takin zamani da maganin feshi. Abin da muke son nunawa shi ne, ilmin noma ba ya adanuwa a cikin akwatin gilashi, sai a hannun mai yi. Matsalar gonar tarihi kuwa duk ta taru a wuri guda: wa zai yi aikin, kuma a kan wane sharaɗi?

2.0 Mece ce Gonar Tarihi?

Gidan tarihin da muka sani, irin Gidan Makama na Kano, yana tara kaya ne ya jera su, mai ziyara ya duba ya wuce. Fartanya a irin wannan wuri ƙarfe ce da ƙota kawai. Ba ta gaya wa kowa yadda ake sunkuyawa da ita, ko dalilin da ya sa maƙeri ya lanƙwasa bakinta haka don ƙasa mai yashi. Gonar tarihi ita ce gonar da ake nomawa da gaske, da irin shuka da kayan aiki da dabarun wani zamani da aka zaɓa, a bar jama'a su shigo su gani, su kuma sa hannu.

Asalin wannan tunani daga Suwidin yake. A shekarar 1891 Artur Hazelius ya buɗe Skansen a birnin Sitokholm, inda ya ciro gidajen manoma daga ƙauyuka ya sake kafa su, ya zuba mutane da dabbobi a ciki, saboda ya ga masana'antu suna cinye rayuwar karkara. Daga nan abin ya bazu. A Amurka, a jihar Ayowa, an buɗe wata gona a 1970 wadda aka raba gida uku: gonar 'yan asalin ƙasar ta shekarar 1700, da ta baƙin da suka sari daji ta 1850, da ta noman dawaki ta 1900. A wannan shekara ta 1970 ne kuma masu irin waɗannan gonaki suka kafa ƙungiyarsu. Abin lura a nan shi ne, ma'aikatan da ake biya albashi a irin waɗannan wurare ba su isa aikin ba. 'Yan sa-kai, galibi tsofaffin da suka bar aiki da ɗalibai, su ne ke zagayawa da yaran makaranta, su yi girki irin na da, su taya girbi, su kuma riƙe bukukuwan shekara waɗanda da su wurin yake samun kuɗin shiga.

A nan kusa da mu an taɓa kusantar wannan tsari. Gidan tarihi na Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama a yau, ya gina ɗakunan gargajiya na al'ummomin Nijar, ya kuma ba masaƙa da dukawa da maƙeran farfaru wurin yin sana'arsu a gaban masu ziyara. A Jos ma, kusa da gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, an gina kwatankwacin ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya. Amma duk waɗannan gini ne da sana'ar hannu. Noma, wanda shi ne aikin mafi yawan Hausawa, bai samu irin wannan gata ba.

3.0 Abin da Ke Neman Ɓacewa

Kada a ɗauka kayan aiki kaɗai muke nufi, ko da yake su ma suna tafiya: sungumi na saran shuka, da garmar hannu ta huɗa, da magirbi, da rumbun ƙasa wanda buhu da ɗakin kwano suka kora. Abin da ya fi waɗannan tsada shi ne hukuncin da manomi yake yankewa. Yaushe ake binne, watau a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, kuma yaushe yin haka yake zama asarar iri? Kwana nawa ne tsakanin shuka da noman firi, da tsakanin firi da maimai? Me ya sa ake gicciya dawa a cikin gero, a kuma jira sai gero ya tasa kafin a sa wake a ƙarƙashinsa? Amsar ita ce gero yana nuna da wuri ya fid da gida daga yunwar tsakiyar damina, dawa ta ci raɓar ƙarshe, wake kuma ya samu rana bayan an kwantar da karan gero, ya bar harawa ga dabbobi. Gona ɗaya, girbi uku, kuma in ruwa ya yaudari ɗaya da wuya ya yaudari duka. Haka nan barin gawo a tsakiyar gona ba lalaci ba ne: itace ne mai zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ga taki a gindinsa.

Sai kuma iri. Kaura da farfara da karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, ba sa rayuwa a takarda. Irin da aka daina shukawa 'yan shekaru ya mutu a rumbu, kuma tare da shi sanin ƙasar da yake so ya tafi. Wanda ya tuna farin 1973, ko cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, ya san amfanin a ce ba iri ɗaya kowa ya dogara da shi ba. Saboda haka gonar tarihi a wannan yanki ba wurin shaƙatawa kaɗai za ta zama ba. Rumbun iri ce mai rai.

4.0 Gayya

Idan aka ce aikin sa-kai, Bahaushe zai ce ai muna da gayya, kuma yana da gaskiya, amma rabin gaskiya. Bari mu duba yadda take. Mai gona yakan aika goro ga sarkin noma ko sarkin samari a sa rana. Mata su kwana suna daka, a dama fura ko kunu, a tuƙa tuwo, mai hali ya yanka akuya. Da safe samari su jeru kowa da kunyarsa, makaɗa su biyo su da gangar noma, ana yi wa kowa kirarinsa, 'yan mata suna kallo daga bakin gona. Aikin da zai ci gida ɗaya mako guda sai a gama shi kafin azahar. Dalilin gayya a fili yake: a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu, ciyawa ba ta jiran kowa, kuma aikin da ya makara da kwana goma ya rage dami.

To, amma gayya ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne ya kamata mu yi hattara. Akwai gayyar da ake yi wa juna, yau gonarka gobe tawa, wadda bashi ce ko da ba a rubuta ba. Wanda ya ƙi zuwa ta mutane, ranar tasa zai ga gona fayau. Akwai wadda saurayi ke kai wa gonar surukinsa, ita kuma wani ɓangare ce na neman aure. Akwai ta jinƙai, wadda ake yi wa majinyaci ko gwauruwa ko malamin gari, da ta aikin gari kamar yashe rijiya da gyaran maƙabarta. Waɗannan su ne suka fi kusa da abin da Turawa ke nufi da sa-kai. Akwai kuma ta huɗu, gayyar gandun sarki ko hakimi ko dagaci, wadda sunanta gayya amma ba a iya ƙin ta. Talakawa sun san bambancin sarai, kuma yaƙi da irin wannan aikin tilas yana cikin abubuwan da suka sa jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta samu shiga a karkarar Kano.

Bambancin da ke tsakanin ɗan sa-kai na Ayowa da ɗan gayya ke nan. Na farko yana ba da rarar lokacinsa ne, yana da fanshonsa, kuma ba ya jiran a rama masa. Na biyu yana ba da ranar da ta fi kowace rana tsada a shekararsa, ya bar tasa gonar, domin ya san za ta dawo masa. Duk wanda ya kafa gonar tarihi a Achilafiya ya ce wa samari su zo su yi firi a watan Yuli don kishin al'ada kawai, to bai fahimci ko ɗaya daga cikin biyun ba. Za su zo shekarar farko saboda kunyar mai gari. Daga nan kuwa, ko dai su daina, ko kuma abin ya koma gayya ta huɗu da sabon suna.

Ba yau gayya ta fara ja da baya ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967 ta kuma buga littafinta a 1972, ta tarar ƙwadago, watau noman kuɗi, ya riga ya kafu a ƙauye. Bayan haka abubuwa suka taru: gandu yana rabewa tun uba yana da rai, shirin ilmin firamare na bai ɗaya na 1976 ya ɗebe yara daga gona da safe, kuɗin mai ya ja samari birni, garmar shanu ta rage buƙatar hannaye wajen huɗa, maganin feshi kuma ya rage ta wajen noma. Ga tsadar ciyar da mutum talatin, wadda sau da yawa ta fi kuɗin 'yan ƙwadago biyar. Mai gona da ya bar gayya lissafi ya yi, ba butulci ba.

Akwai darasi kuma daga ƙetaren iyaka, wadda ba ta da nisa da Babura. Bayan juyin mulkin 1974 gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da Samariya a Nijar, ta sa ƙungiyoyin samari gina azuzuwa da shuka itatuwa da sharar gari. An yi aiki mai yawa, ba a musu. Sai dai da yake daga sama aka riƙe igiyar, ƙarfin ƙungiyoyin ya bi gwamnatin da ta ɗaure musu gindi.

5.0 Sharuɗɗan da Muke Gani

Idan har za a yi, to a yi gonar a kan ƙa'idar gayya ta farko da ta uku. Amfanin da aka girbe kada ya shiga aljihun hukuma ko na mai sarauta. Ya shiga rumbun gari, a ranta wa mabukata iri da bazara su mayar da kaka, abin da ya saura a ciyar da shi ranar gayya ta gaba. Ta haka wanda ya ba da ranarsa ya san inda ta tafi. Dattawan da za su koyar kuwa ba 'yan sa-kai ba ne, malamai ne, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. Muna mamakin yadda ake samun kuɗin alawus na mai ɗaukar bayani da rikoda, amma a rasa na tsohon da bayanin ya fito daga bakinsa.

Game da taruka, kalandar noma ta riga ta tsara su. Lokacin ƙuncin aiki, daga shuka zuwa maimai, a taƙaita shi ga ɗaliban makarantun yankin da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, waɗanda ba su da gonar kansu da za su bari. Babban taro a kai shi kaka, sa'ad da hannu ya sake: ɗaurin dami, da sussuka da shiƙa, da yaɓen rumbu, da kalankuwa da kokawa da dambe, da baje irin shuka inda manoman Gwiwa da na Roni za su yi musaya. A nan ne kuma aikin mata zai fito, domin rabin ilmin hatsi yana tsakanin turmi da faifai da tukunya, kuma gonar da ta tsaya a bakin kunya ta ba da rabin labari.

Saura magana ɗaya mai nauyi, ita ce wace shekara za a nuna. Idan aka zaɓi wajen 1950, zamanin dalar gyaɗa, sai a nuna haraji da ɗan kamasho da sikelinsa tare da kiɗan gangar. Idan kuwa aka koma kafin 1903, to ba makawa a ambaci rinji da bayin da suka noma manyan gandaye, domin bauta ba ta haramta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Williamsburg ta jihar Bajiniya ta yi shekaru da dama tana nuna rayuwar iyayengiji kawai, sai a 1979 ta fara nuna ta bayi, kuma da ta kwaikwayi gwanjon bayi a 1994 an yi ta cece-kuce. A wurinmu abin ya fi wuya, saboda jikokin ɓangarorin biyu suna sahu ɗaya a masallaci, kuma kowa ya san gidan kowa. Wannan hukunci ba na masu bincike ba ne su kaɗai. Kafin a sari ko kunya ɗaya, sai an zauna da mutanen garin an ji abin da suka yarda a faɗa a gaban baƙi, da kuma bakin wanda suka yarda ya faɗe shi.