Tirelar Jan Jirgin Ruwa: Mai Katako Ko Mai Tayoyi?

Mai mota a Agege da ya sami kwangilar jan jirgin ruwa mai nauyi zuwa Ikorodu, Epe ko Badagry, tirela iri biyu ce a gabansa. Mai shimfiɗar katako ta fi araha, tana raba nauyi bisa tsawon jirgin, kuma kafinta na iya gyara ta. Amma sai an nitsar da ita sosai kafin jirgi ya sauka, ruwan gishiri kuwa yana cin ƙarfe. Mai ƙananan tayoyin roba tana sauke jirgi ko a gaɓa marar zurfi, sai dai gyaranta da tsada, kuma in aka kwance igiya da wuri jirgin zai zame ƙasa. A doguwar hanya mai ramuka, katako ya fi kare jari.